TAURA BIYU: AIKIN WUCIN GADI DA GUDUN DOGON ZANGO

Duk shekara idan dogon hutu ya ƙarato, ko kuwa aka ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe, hankalin yawancinmu yakan koma kan abu guda, watau neman ɗan aikin wucin gadi a wani ofis. Wani kuɗin rajistar baɗi yake nema, wani so yake ya rage wa mahaifinsa nauyi, wani kuwa zaman kashe wando kawai yake gudu. Duk wanda ya dace ya sami wata uku a bakin tebur muna taya shi murna, domin mun san irin zirga-zirgar da akan sha kafin a samu. Amma a cikinmu akwai waɗansu 'yan tsiraru da samun aikin nan yakan zame musu murna haɗe da fargaba. Su ne waɗanda mukan hango da sanyin asuba suna kewaya filin wasa, ko suna bin gefen titi a guje, alhali sauranmu muna cikin bargo, watau masu horon gudun dogon zango. A kansu muke son mu yi magana a wannan fitowa.

Bara wani abokinmu, wanda ya shafe wata biyar yana shirin shiga tseren yada-ƙanin-wani, ya sami aikin wata uku a wata ma'aikata, aka kai shi ɗakin ajiye fayil. Aikinsa shi ne ya karɓi wasiƙu, ya shigar da su cikin rajista, ya sa kowace a fayil ɗinta, ya kai inda aka ce ya kai. A makon farko ƙarfe huɗu na yi yakan kammala, ya kulle durowa, ya tafi ya ɗaura takalminsa. Ran Litinin ta mako na biyu sai babban akawu ya ja shi gefe, ya ce masa, "Samari, a nan ba a tashi sai Maigida ya tashi. In kana son a riƙa tunawa da kai, to, ka koyi zama." Ya kuwa koyi zaman. Kullum yakan gama abin da ke gabansa tun kafin la'asar, sa'an nan ya zauna yana kallon agogo har duhu ya shiga, ya fita neman mota, ya isa gida a gajiye da gajiyar da ba ta aiki ba. Yamma ta kuɓuce masa, asuba ta gagare shi. Da wata ukun suka cika aka ba shi takardar godiya, aka sallame shi tare da sauran 'yan wucin gadi. Tseren kuwa aka yi ba da shi ba.

Da muka je yi masa jaje sai waɗansu suka ce ai shi ya jawo wa kansa, taura biyu ba ta taunuwa. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba. A ganinmu aikin ofis da gudun dogon zango suna iya zama inuwa ɗaya, an kuma ga inda suka zauna har aka ci riba. Abin da ya ka da abokinmu shi ne rashin sanin lokacin tashi, wannan kuwa cuta ce mai magani.

Bari mu fara da lissafi. Mako guda awa 168 ne. Ma'aikacin da ke shiga ƙarfe 8 na safe ya tashi ƙarfe 4 na yamma, kwana biyar, ya ba ofis awa 40. In ya yi barcin awa 8 kowane dare, an ɗebe 56. Saura 72. Mai shirin yada-ƙanin-wani wanda ba sana'arsa ba ke nan, abin da yake bukata bai wuce awa 8 zuwa 10 ba a mako, kuma mafi tsawon gudunsa, wanda kan ci awa biyu ko fiye, ran Asabar ko Lahadi ake yinsa, ranar da ofis ke kulle. Ashe ke nan a sauran kwanakin awa ɗaya ce ko ɗaya da rabi ake magana a kai. Ko an cire lokacin hanya da na abinci da na hidimar gida, wannan ba zai gagara ba.

To, me ya sa 'yar awa ɗayan nan take da nauyi haka? Dalili yana cikin yadda jikin ɗan Adam yake karɓar horo. Tsawon tseren yada-ƙanin-wani kilomita 42 ne da mita 195. Makamashin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta yakan yi ƙasa ƙwarai a wajen kilomita 30, a nan ne ake ganin ƙato ya tsaya cik kamar an ɗaure masa ƙafa. Wanda zai wuce wurin nan sai wanda ya koya wa jikinsa ƙona kitse, zuciyarsa ta saba tura jini mai yawa a bugu ɗaya, jijiyoyinsa da gaɓoɓinsa suka yi ƙwari. Duk waɗannan a hankali suke ginuwa, mako bisa mako, kuma yawancin gudun da ke gina su na sannu ne, irin wanda mutum zai iya hira da na kusa da shi yana cikin yi. Ba a tara su a rana ɗaya, ba a kuma ajiye su a koma a tarar. Wanda ya daina 'yan makonni zai ji ƙarfinsa ya soma zurarewa, wanda ya daina wata uku kuwa sai ya koma kusan inda ya faro. Har ila yau, a cikin barci ne jiki yake gyara abin da gudu ya motsa, don haka wanda aka rage wa barci an rage masa horo ko da ya fita ya yi gudun.

Daɗa a ƙasa irin tamu rana ba ta bar wa mai gudu sai ƙofa biyu. Ta farko daga ketowar alfijir zuwa wajen ƙarfe bakwai, ta biyu daga wajen ƙarfe biyar zuwa faɗuwar rana. Tsakaninsu zafi ne mai iya kwantar da mutum a asibiti, bayansu duhu ne da ramukan hanya da motoci. Idan aka riƙe mutum a ofis har magariba an rufe masa ƙofa ɗaya, idan kuma ya isa gida dare ya yi nisa an kusa rufe masa ta biyun. 'Yan'uwanmu mata masu gudu su abin ya fi ƙuntatawa, domin su fita cikin duhu ba ta taso ba sam.

Yanzu mu duba inda aka tauna taurar nan biyu. Ran Litinin 16 ga Afrilu, 2018, aka yi tseren birnin Boston na Amurka cikin ruwan sama da iska da sanyi mai ratsa ƙashi, har manyan 'yan tsere da dama suka janye a hanya. Wanda ya zo na ɗaya a maza shi ne Yuki Kawauchi, mutumin Japan, wanda ya cim ma Geoffrey Kirui na Kenya, zakaran duniya na lokacin, a kusa da ƙarshe ya wuce shi, ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 58. Rabon da wani ɗan Japan ya ci tseren nan tun 1987. Kawauchi kuwa a ranar ba kowa ba ne illa akawun gwamnatin lardin Saitama, mai aiki a ofishin wata makarantar sakandare mai ajin dare. A Japan manyan kamfanoni sukan ɗauki 'yan gudu su riƙe su, su ba su masu horo da lokaci, amma shi ba ya cikin wannan tsari, dokar aikin gwamnati ma ta hana shi karɓar kuɗin talla daga kamfani. Aikinsa daga tsakar rana ne zuwa dare. Da safe yakan fita ya yi gudunsa sau ɗaya, ya yi wanka ya tafi ofis, ƙarshen mako kuma ya shiga tsere a duk inda ya samu, ya mai da shi horo. Da wannan tsari ne tun a 2011 ya zo na uku a tseren Tokyo da awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 37, ya sha gaban dukan 'yan ƙasarsu da kamfanoni ke riƙe da su.

A wannan rana ta Boston, wadda ta zo ta biyu a mata, Sarah Sellers, ma'aikaciyar jinya ce daga jihar Arizona, mai ba marasa lafiya maganin barci a ɗakin tiyata. Takan yi horonta ne tun ƙarfe huɗu na asuba kafin aiki, ko kuwa da dare bayan ta tashi. Kafin su duka akwai Ron Hill na Ingila, masanin kimiyyar saƙa da rini, wanda ya mai da hanyar zuwa aiki filin horonsa, ya je a guje ya komo a guje. Shi ne ya ci tseren Boston a 1970 da awa 2 da minti 10 da daƙiƙa 30, ya kuma ci zinariya a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Edinbara a shekarar. Daga Disamba 1964 zuwa Janairu 2017, shekara 52 da kwana 39, rana ba ta taɓa fitowa ta faɗi ba tare da ya yi gudu ba.

Ba mu kawo sunayen nan don mu ce kowane ɗan wucin gadi zai ci Boston ba. Mun kawo su ne don a ga abin da suke da shi wanda abokinmu ya rasa. Kawauchi ya fi abokinmu yawan aiki, ya kuma fi shi daɗewa a kansa, shekara goma cur. Amma ya san ƙarfe nawa zai shiga, ya san ƙarfe nawa zai fita, saboda haka ya iya yanka ranarsa yadda ta dace da shi. Ma'aikacin dindindin yana da takardar ɗauka, yana da ƙa'idojin aiki, yana da ƙungiya a bayansa. Ɗan wucin gadi ba shi da ko ɗaya. Shi ne ƙarami a ofis, shi ne baƙo, kullum kuma ana rataya masa zancen "wataƙila a riƙe ka" kamar yadda ake nuna wa akuya dusa. Saboda haka ba ya iya buɗe baki ya tambayi lokacin tashi, sai ya zauna.

Wannan al'ada ta zaman jiran Maigida ita muke ƙara. Ba ta ƙara wa ma'aikata ko fayil ɗaya da aka gama. Abin da take koya wa yaro shi ne a gan shi ya fi ya yi aiki, wanda ya koyi wannan darasi yana da shekara ashirin da biyu kuwa da shi zai tsufa. Shi ne gobe zai ja aikin awa biyu ya kai shi yamma, tun da ya san ko ya gama ba tashi zai yi ba. Mai gudu shi ya fara jin ciwon abin domin shi ne agogo ya fi matsa wa, amma mai zuwa ajin yamma da mai jinyar uwa da mai goyo duk suna cikin wannan hali.

Za a ce mana aiki ya yi wuya, wanda ya samu sai ya riƙe da hannu biyu, kuma yaron da ke zumbur ya miƙe ƙarfe huɗu ba shi za a tuna ba ran da gurbi ya samu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu rufe ido a kanta ba. Akwai ofisoshin da haka abin yake, wanda kuma ke da ƙanne a bayansa shi ya san nauyin da ke kansa, in ya zaɓi zama ba mu da bakin zarginsa. Sai dai muna roƙon a bambanta aiki da zama. Ranar da ake haɗa takardun albashi, ko ake shirin zuwan masu binciken kuɗi, ko wasiƙa ta gaggawa ta taso, wajibi ne ɗan wucin gadi ya tsaya har a gama, ya haƙura da gudun ranar, domin fashin kwana ɗaya ba ya rushe horo. Wanda ke rushe shi shi ne fashin kullum saboda babu. Mu kuma tuna cewa abokinmu ya yi zaman har ƙarshe, ba a kuwa riƙe shi ba.

Za a kuma ce, ai shi Kawauchin ma daga baya ajiye aikin ya yi. Haka ne. A ƙarshen Maris 2019 ya bar aikin gwamnati ya mai da gudu sana'a, a 2021 kuma ya yi gudun da ya fi kowane nasa sauri, awa 2 da minti 7 da daƙiƙa 27, a tseren tafkin Biwa. Mun yarda wanda ke neman ƙololuwa wata rana zai zo mararraba, dole ya ɗauki hanya ɗaya. Amma ya isa mararrabar ne bayan shekara goma albashin akawu yana ciyar da shi, yana saya masa takalmi, yana ba shi ikon shiga tseren da ya ga dama ba tare da ya roƙi kowa ba. Mu a nan maganar mararraba ba ta ma taso ba tukuna. Tun da aka soma tseren birnin Legas a 2016 baƙi daga gabashin Afirka ke kwashe manyan kyaututtuka, namu sai dai a ware musu tasu daban. A Kenya da Habasha an daɗe soja da 'yan sanda da ma'aikatan gidan yari suna ɗaukar 'yan gudu aiki suna ba su lokaci. Abebe Bikila da ya ci zinariya ba takalmi a birnin Rum a 1960 sojan tsaron fadar Sarkin Habasha ne. Mu ma ba a rasa mu ba, ga 'yan tsaunukan Filato nan suna nuna abin da za a iya, Abbas Mohammed kuma ya yi awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6 tun a 1990. Inda muke asarar yawancin 'yan gudunmu shi ne a ɗan tsakanin nan, daga barin makaranta zuwa kama aiki, inda wata uku na zaman banza kan kashe abin da aka yi shekaru ana ginawa.

Amma kada masu gudu su ɗauka mun wanke su tas. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi aikin wucin gadi ya karɓi amana, ko da ta kwana talatin ce. Mun san waɗanda kan shigo ofis ƙarfe tara da rabi suna ɗingishi, su kifa kai a kan fayil su yi ta gyangyaɗi, in an yi magana su ce sun yi kilomita ashirin da safe. Irin waɗannan su ne ke sa a rufe wa na bayansu ƙofa. Mai gudu ya fi kowa sanin cewa wanda ya yi ha'inci a horo kilomita ta talatin za ta tona shi. To, haka wasiƙar da aka jefa a fayil ɗin da ba nata ba, wata rana za a neme ta, a tuna hannun wa ta bi. Abin da ɗan wucin gadi ke fita da shi daga ofis bai wuce sunansa ba, sai ya kula da shi.

Ga shawararmu gare su. Tun ranar farko, kafin a saba ganinka a zaune, ka sami wanda ke sama da kai cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ina horon gudu da yamma. Zan riƙa zuwa da wuri, ba zan tashi na bar aiki a tebur ba, duk ran da ake bukatata kuma zan tsaya. Ina roƙon in na gama a sallame ni a kan lokaci." Mafi yawan manya in aka zo musu ta ƙofa ba su cika hanawa ba, abin da ba su so shi ne a sulale. Sa'an nan a makonni biyu na farko ka rage tsawon gudunka, domin sabon wuri da sababbin fuskoki da zaman kujera suna da tasu gajiyar, wanda ya haɗa su da cikakken horo yana neman rauni. Ka mai da gudu mai tsanani kwana biyu kawai a mako, dogon kuma ka kai shi ƙarshen mako. Kada ka zo ofis da ciki wayam bayan gudun safe, kada ruwan sha ya yi nisa da teburinka. Zaman awa takwas yana sandarar da ƙugu da cinya, saboda haka in an aike ka kai fayil hawa na uku ka karɓa da murna. In kuwa gidanku bai wuce kilomita takwas ko goma daga ofis ba, dabarar Ron Hill tana nan, ga ta kuma da rage kuɗin mota.

Ga Ƙungiyar Ɗalibai kuwa, muna ganin lokaci ya yi da sakataren wasanni zai riƙa ba duk ɗan wasan da zai tafi aikin hutu takarda, wadda za ta gabatar da shi ga ma'aikatar da ta ɗauke shi, ta bayyana cewa yana wakiltar jami'a, ta roƙa masa tashi a kan lokaci. Abin da yaro shi kaɗai ba zai iya faɗa ba, takarda mai hatimi za ta faɗa masa. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Maganarmu ta ƙarshe ga yayyenmu ce, matasan ma'aikata da ke karanta wannan mujalla. Yawanci ba Maigida ne ke cewa a zauna ba, sau da yawa bai ma san akwai mai jiransa a ɗakin fayil ba. Na tsakiya ne ke faɗa, domin su ma haka aka yi musu. Ku ne na tsakiyan nan a yau, ku ne kuma manyan gobe. Idan hutu ya zo aka turo muku ɗalibi, ku gaya masa aikinsa, ku gaya masa lokacin tashinsa, ku auna shi da abin da ya gama. In ƙarfe huɗu ta yi kuka ga teburinsa fes, takalminsa na leƙowa daga jaka, ku ce masa ya sauka lafiya, sai da safe.

Abokin namu dai ya koma fili. Mun gan shi shekaranjiya da asuba yana kewayawa a hankali, yana haki a inda da can ba ya haki, ya ce mana daga kilomita biyar ya sake farawa. Hutu kuma ga shi nan tafe, ya riga ya kai takardar neman aiki wani ofishin. Muna fata wannan karon a gaya masa ƙarfe nawa ake tashi.